Wata Takwas Tsakanin Takarda da Tukunya: Yadda Na Shirya Bitar Ƙirƙira ga Ɗaliban Injiniya

A ƙarshen shekarar 2022, bayan an janye yajin aikin malaman jami'o'i da ya ci wata takwas, na zauna cikin kwamitin da ke sauraron ɗaliban ajin ƙarshe na sashenmu na injiniyan injuna suna kare ayyukansu. Kwana biyu muka yi ana shigo mana da injin ɓarar gyaɗa, da injin casar masara, da injin niƙa, kuma kusan kowane ɗaya na san kamanninsa tun kafin a yaye ledar da aka rufe shi da ita, domin na ga irinsa bara, na ga irinsa bara waccan. Na tambayi wani ɗalibi, wanda yake cikin masu ƙoƙarin ajin, dalilin da ya sa ya zaɓi wannan kauri na sandar da ke juya injinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, haka na gani a aikin waɗanda suka gabace mu.” Amsar ta tsaya mini a rai har gida. Wannan yaron, kamar ni da kamar yawancin tsararrakina, ya tashi yana ƙera motar kara da motar gwangwani, yana lanƙwasa langa-langa ba tare da wani ya zana masa komai ba. Bayan shekara biyar a hannunmu, ya zama mutumin da ba ya yarda ya canza ko awo ɗaya, don kada a ce ya yi kuskure. Mun koya masa lissafi mai kyau, amma tare da lissafin mun cusa masa cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Daga nan na ƙudurta shirya taron bita na kwana uku, wanda ɗalibai za su yi aiki da hannu da tunani a kan matsalar da ba ta da amsa a bayan littafi. Na ɗauka wata biyu za su ishe ni. Wata takwas na yi, kuma rabin wannan jinkiri rashin sanin hanya ne ya jawo shi, shi ya sa nake rubuta abin da ya faru daki-daki saboda malamin da ke da irin wannan niyya.

A farkon watan Janairu na 2023 na shiga ofishin shugaban sashe da bakina kawai. Ya saurare ni har na gama, ya nuna jin daɗi ƙwarai, sannan ya ce, “Injiniya, magana ce mai kyau, amma ka rubuto.” Na rubuta shafi shida cike da bayani kan muhimmancin ƙirƙira, na kawo. Bayan mako guda ya kira ni ya mayar mini, ya ce babu wanda zai karanta wannan a sama. Abin da ake bukata wasiƙa ce ta shafi ɗaya, a maƙala mata jadawalin kwanakin, da kasafin kuɗi, da adadin mahalarta, da sunayen masu gabatarwa, kuma a faɗi ƙarara wace bukata ta jami'a ce bitar za ta biya. Wannan shawara ta ƙarshe ita ta buɗe mini ƙofa. A watan Disamba na 2022 hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja, wanda ya tsara kashi 70 cikin 100 na darussa daga sama, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A lokaci guda majalisar COREN, mai tantance kwasa-kwasan injiniya, tana matsa wa tsangayoyi su koma koyarwar da ake auna ta da abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya gama, ciki har da zana mafita ga matsala mai sarƙaƙiya da yin aiki cikin ƙungiya. Da na sake rubuta wasiƙar na jingina ta da waɗannan abubuwa biyu, sai maganar ta tashi daga sha'awar malami ɗaya ta koma abin da sashe zai nuna wa masu tantancewa idan sun zo.

An saka batun cikin ajandar taron malaman sashe na ƙarshen watan. A nan na ji suka mai nauyi daga wani dattijon farfesa wanda ya koyar da ni a ajin farko. Ya ce yajin aiki ya riga ya matse zangon karatu, ɗalibai ba su gama darussan tilas ba, kuma wanda bai iya lissafin ƙarfin ƙarfe ba, ƙirƙirarsa haɗari ce ga jama'a. Na ce, “Ranka ya daɗe, gaskiya ne, kuma ba na neman a rage ko awa ɗaya daga darasi. Ina neman kwana uku ne a cikin hutu, don su ga inda lissafin yake aiki.” Ya amince bisa sharaɗin a kai bitar lokacin hutu, kuma a sa ma'aikatan ɗakin injuna a ciki. Wannan sharaɗi na biyu ban yi tunaninsa ba sam, ga shi kuwa daga baya ya zama ginshiƙin aikin. Abin da ya kamata mai bin sawuna ya riƙe daga wannan mataki shi ne ya karɓi kwafin shafin rahoton taron da ke nuna an amince, sa hannun sakatare a jiki. Ni ban karɓa ba, kuma da takardata ta isa ofishin shugaban tsangaya, shi aka fara tambaya. Sai da na jira mako biyu kafin a buga rahoton.

Batun kuɗi ya ci mini lokaci saboda fahimta biyu da na yi ba daidai ba. Na farko, na ɗauka tallafin halartar taro na TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, zai iya ɗaukar nauyin bitar. Jami'in da ke kula da harkokin asusun a jami'armu ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa wannan kaso an ware shi ne don malami ko ma'aikaci ya je taro a wani wuri, ba don a shirya taro a gida ba. Na biyu, na yi niyyar karɓar ɗan kuɗin rajista daga mahalarta hannu da hannu. Wani abokin aiki ya ja kunnena cewa tun da aka shiga tsarin asusun bai-ɗaya a 2015, duk kuɗin da aka karɓa da sunan jami'ar tarayya ta Remita, manhajar biyan kuɗi ta intanet, yake bi ya shiga asusun gwamnati, kuma karɓarsa a aljihu na iya jawo wa mutum takardar tuhuma komai kyawun niyyarsa. Na duba na ga ɗaliban da nake so su zo su ne waɗanda ko naira 2,000 za ta iya hana su, sai na soke rajistar gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne in nemi kuɗin daga jami'a kai tsaye. Na rubuta kasafin naira 850,000 na mutum 48, wanda ya ƙunshi abinci da ruwa, da man janareta, da kayan aiki, da kuɗin motar baƙi biyu, da buga takardun shaida.

Wasiƙar tana zuwa ne ga shugaban jami'a, ta hannun shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe, kuma kowannensu sai ya rubuta ra'ayinsa ya sa hannu da hatimi. Na miƙa ta a tsakiyar Fabrairu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe, ga kuma ƙarancin takardun naira da ya sa ma'aikata da yawa suke wuni a layin banki. Da aka dawo na je ofishin shugaban tsangaya, aka ce ta wuce sama. Na je sama, aka ce ba ta iso ba. Na yi wannan zirga-zirga sau uku a mako guda, raina a ɓace, ina jin kamar an raina aikin ne. Wani tsohon masinja da ya lura da ni ya kira ni gefe ya ce, “Malam, mece ce lambar fayil ɗinka?” Na ce, “Baba, ban san tana da lamba ba.” Ya buɗe babban littafin da ake rubuta shige da ficen takardu, ya bi da yatsa har ya samo ta, ashe an haɗa ta cikin fayil ɗin wani taro dabam saboda kan maganarsu ya yi kama. Tun daga ranar na koyi abu uku da ban sake sakaci da su ba. Ina yin kwafi biyu na kowace takarda, a buga mini hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa, ina rubuta lambar fayil a wayata, kuma duk ofishin da na shiga ina fara gaida masu riƙe da littafin kafin in nemi ganin mai ofis, domin su suka san inda takarda ta kwana.

Azumi ya kama a ranar 23 ga Maris, aiki ya yi sanyi, kuma burina na yin bitar a hutun watan Afrilu ya rushe. Wannan ya dame ni fiye da yadda abokan aikina suka fahimta, saboda na gina rana ta biyu kacokan a kan wani gwaji da ke bukatar zafin bazara da busasshiyar iska. Amincewa ta fito a tsakiyar watan Mayu, an rage kuɗin zuwa naira 500,000, kuma an rubuta cewa a ba ni su a matsayin kuɗin gaba-da-aiki da sunana, wato bashi ne a wuyana har sai na kawo shaidar yadda na kashe kowace naira. Na yi murna duk da ragin. Sai dai amincewa dabam, kuɗi a hannu dabam. Fayil ya tafi ofishin ma'aji aka rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi, ya wuce ofishin odita, su kuma suka dawo da shi suna neman takardun farashi daga masu abinci uku da masu buga takardu uku, kowacce da suna da adireshi. Da na san haka da tun a Janairu na haɗa su. Ina cikin tattara su aka yi jawabin 29 ga Mayu da ya cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a garuruwanmu, kuma mai abincin da ta ba ni farashi ranar Litinin ta kira ni ranar Alhamis ta ce, “Malam, ka yi haƙuri, wancan farashi ba zai yiwu ba.” Kuɗin sun shigo asusuna a watan Yuli, bayan Babbar Sallah. Na zauna da biro na rage mahalarta zuwa 36, na soke jakunkuna da allon sanarwa, na mayar da abinci sau ɗaya a rana, amma ban taɓa kuɗin kayan aiki ba. Duk wanda zai rubuta irin wannan kasafi, ya sa wani kaso na ko-ta-kwana a fili tun farko, kuma ya san tun a ransa abin da zai fara yankewa idan an rage.

Neman ɗaki bai ba ni wahala ba, illa dai na ƙi babban zauren lacca mai kujeru a kafe, na roƙi ɗakin zane mai manyan tebura da za a iya ja a haɗa. Wasiƙa ɗaya zuwa sashen ayyuka ta isa a kan janareta, da sharaɗin mu sayi mai. Sayen kaya ne ya kai ni inda ban saba zuwa ba. Na je wurin 'yan gwangwan tare da shugaban ma'aikatan ɗakin injuna muka zaɓi tsofaffin fankoki, da sarƙar keke, da ƙananan motocin lantarki, da falankin ƙarfe. Na je unguwar maginan tukwane na sayi manya shida da ƙanana shida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ke ba da rasit, kuma ban damu ba a lokacin. Wajen zaɓen mahalarta na ƙi bin maki. Na sa kowane mai sha'awa ya rubuta layi biyar a kan wani abu da ke ba mutanen gidansu wahala kullum, na zaɓi ɗalibai 24 daga aji uku zuwa aji biyar, takwas daga cikinsu mata, na haɗa da malamai shida da ma'aikatan ɗakin injuna shida. Don matan su samu zuwa, na tsayar da tashi ƙarfe huɗu, bayan la'asar kaɗan.

Mun fara a mako na biyu na Agusta. Safiyar farko na ba kowace ƙungiya ta mutum shida sandunan taliya 20, da salatef mita ɗaya, da zare mita ɗaya, na ce su gina hasumiya mafi tsayi cikin minti 18 wadda za ta ɗauki dabino ɗaya a ƙololuwarta. Wannan sanannen atisaye ne a tarukan zane a ƙasashen waje, inda ake ɗora wata alewa mai laushi, ni kuwa na musanya ta da dabino. Ƙungiyoyi huɗu sun ɓata mafi yawan lokacin suna zane da muhawara, suka ɗora dabinon a minti na ƙarshe, hasumiyar ta durƙushe. Ƙungiyar da ta yi nasara ita ce wadda wani mai walda na ɗakin injuna ya ce musu tun minti na biyu su ɗora dabinon su gani, suka yi ta ginawa yana faɗuwa suna gyarawa. Ban yi dogon sharhi ba, domin gani ya kori ji.

Da rana kuma na gamu da abin da ya kusa kashe bitar. Na gabatar da hanyar tattara dabaru da Alex Osborn, wani ɗan kasuwar talla na Amurka, ya yaɗa, wadda ƙa'idarta ita ce kowa ya faɗi duk abin da ya zo masa, a nemi yawa, a jinkirta suka zuwa gaba. Na ba su matsalar ruɓewar tumatir tsakanin gona da kasuwa. Ɗakin ya yi tsit. A kowane tebur malami ne ke magana, ɗalibai suna gyaɗa kai suna rubutawa, ma'aikata sun harɗe hannu, matan kuwa ko ɗaga ido ba su yi ba. Ban ga laifinsu ba. Mun taso a tarbiyyar da ƙarami ba ya tsallake maganar babba, kuma tarbiyya ce da nake alfahari da ita, amma hanyar da aka gina a kan kowa ya yi magana a gaban kowa ba za ta yi aiki haka kawai a ɗakin da wanda zai duba jarabawarka yake zaune kusa da kai ba. Na tafi gida da nauyin zuciya, ina tunanin wata bakwai na wahala sun tafi a banza.

A daren na tuna wata hanya da wani Bajamushe mai suna Bernd Rohrbach ya tsara a ƙarshen shekarun 1960, wadda ake kira 6-3-5. Mutum shida ne a tebur, kowa da takardarsa, ya rubuta dabaru uku cikin minti biyar ba tare da magana ba, sannan ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya ɗora a kan abin da ya tarar. Bayan zagaye shida, wato minti 30, tebur ɗaya zai iya tara dabaru 108. Da safe na raba takardu, na hana rubuta suna, na yarda a rubuta da Hausa ko Turanci ko a yi zane, kuma na tattara malaman duka a tebur guda nasu. Abin da ya fito ya ba ni mamaki. Waɗanda jiya ba su ce uffan ba sun cika takardu. An kawo shawarar kwandon da ke da hawa-hawa don kada na ƙasa ya ɗauki nauyin na sama, da shanya a kan raga maimakon a kan kwalta a bakin titi, da amfani da iskar da ke kaɗawa lokacin da mota ke gudu don sanyaya kaya. Da aka zaɓi dabaru biyar mafi ƙarfi ta hanyar ɗiga musu alama, ba wanda ya san na wa ne, sai daga baya ta bayyana uku na ɗalibai mata ne. Idan akwai abu ɗaya da zan roƙi mai shirya irin wannan bita a ƙasarmu ya ɗauka daga wurina, to shi ne ya fara da rubutu a ɓoye kafin magana a fili, kuma ya raba manya da ƙanana a zagayen farko.

Bayan azahar muka shiga abin da na fi ɗoki. Na ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, kuma a tafiyarsa yana ɗauke zafi daga ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa a kowane gida. Na haɗa wannan da tsarin TRIZ na Genrich Altshuller, wanda ya fara aikinsa a 1946 a Tarayyar Sobiyet, ya nazarci ɗimbin takardun mallakar ƙirƙira, ya gano cewa ƙirƙira ta gaskiya warware saɓani ce, inda gyara abu ɗaya ke ɓata wani, kuma ya fitar da ƙa'idoji 40 da masu ƙirƙira ke maimaitawa. Cikinsu akwai sa abu cikin abu, akwai amfani da sauyawar ruwa zuwa tururi, akwai rarraba abu gida-gida, akwai juya aiki a yi shi ta baya. Ɗalibai da kansu suka gano cewa tukunyar Jigawa ta haɗa biyun farko, kuma saɓanin da ta warware shi ne ana son sanyi alhali babu lantarki.

Sai muka haɗa tukwanen shida, muka sa ma'aunin zafi a ciki da waje, muka jira. Abin da na ji tsoro tun watan Maris ya faru. An kwana ana ruwa, iska cike take da laima, kuma bayan awa biyu bambancin bai wuce digiri biyu zuwa uku ba. Wani ɗalibi ya ce, “Malam, abin bai yi ba.” Na ce gaskiya ne, na tambaye su dalili. An yi shiru, sannan wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta ce iskar da ta riga ta ƙoshi da ruwa ba za ta karɓi wani ba, shi ya sa wanki ba ya bushewa da damina, kuma iyakar sanyin da tukunyar za ta kai shi ne abin da ma'aunin zafi mai jiƙaƙƙen kai zai nuna, wanda suka karanta a darasin zafi da iska. Tana gama faɗa ɗakin ya motsa. Wasu suka ɗauko tsohuwar fanka suka kunna a kan tukunya ɗaya, wasu suka ɗaga tasu a kan duwatsu uku don iska ta ratsa ƙasanta, wasu suka musanya yashi da garin gawayi. Dattijon farfesan da ya yi suka a taron sashe ya leƙo a daidai wannan lokaci, ya tsaya kusan rabin awa, ya ɗauki alli ya zana musu jadawalin laimar iska a allo, suka yi ta jayayya da shi kan lambobi. Da gwajin ya yi kyau kamar yadda na tsara shi don Afrilu, da sun tafa sun tafi, ba tare da kowa ya buɗe littafin da ya haddace don jarabawa ba.

Rana ta uku ta tafi a ƙira. Kowace ƙungiya ta gina samfuri da kayan gwangwan, ma'aikatan ɗakin injuna suna jagorantar yanka da walda, kuma na sa doka cewa wajen gabatarwa sai an fara faɗin abin da aka gwada bai yi ba kafin a nuna wanda ya yi. Baƙinmu biyu, wani maƙerin injunan niƙa daga cikin gari da wata mai sarin tumatir, su suka yi tambayoyi. Ita ce ta dubi kwandon hawa-hawa ta ce, “Ɗana, nawa za ka sayar mini da shi, kuma idan na juye kaya, ya zan mayar da shi gona babu komai a ciki?” Ba wanda ya yi tunanin hanyar dawowa, kuma ƙungiyar ta koma tebur tana neman yadda kwandon zai naɗe.

Na ɗauka na gama, ashe saura mataki mafi tsauri. Kuɗin gaba-da-aiki suna da wa'adin da za a kawo bayaninsu, in ba haka ba a fara cirewa daga albashi. Na kai rasitan abinci da mai da buga takardu, aka karɓa. Na tukwane da kayan gwangwan da kuɗin motar baƙi, kusan naira 90,000, babu takarda ko ɗaya. Jami'ar da ke duba fayil ɗin ta ce, “Malam, ba zan iya wuce da wannan haka ba,” amma ta nuna mini hanya. Sai na rubuta takardar shaidar biya ga kowane mai kaya, da bayanin abin da aka saya da kuɗinsa, na koma unguwar magina da kasuwar gwangwan suka sa hannu ko suka dangwala yatsa, shugaban sashe ya tabbatar. An kuma nemi rajistar mahalarta ta kowace rana da sa hannunsu, da hotuna, da gajeren rahoto, da shaidar cewa ma'aunan zafi da sauran kayan da ba sa ƙarewa sun shiga littafin sito. Rajistar rana ta uku ban yi ta ba saboda hidima, sai da na bi mutane ɗaya-ɗaya bayan an dawo hutu. Wannan duka ya ci mako biyar. Da na tafi kasuwa da waɗannan takardu a aljihu tun ranar saye, kuma na ɗora wa mutum ɗaya alhakin rajista da hotuna, da kwana biyu sun isa.

Abin da ban tanada ba sam shi ne abin da zai biyo bayan kwana ukun. Ɗalibai sun koma aji inda tambayar jarabawa ke da amsa ɗaya tak, kuma zafin da suka ɗauka ya fara hucewa cikin makonni. Na koma taron sashe da rahoton, wannan karon da hujja a hannu, domin a watan Yuni na 2023 COREN ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washinton, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na juna, abin da ya ƙara wa batun auna iyawar ɗalibi nauyi. Na roƙi abu biyu ƙanana. Na farko, a ware wani kaso na makin aikin ajin ƙarshe ga bayanin hanyoyin da ɗalibi ya gwada ya watsar da dalilinsa. Na biyu, kada a karɓi taken aiki sai ɗalibi ya nuna ya zauna da wanda zai yi amfani da abin. An amince da na biyu nan take, na farko kuma aka miƙa shi ga kwamitin manhaja. Tukwanen shida na bar su a bayan ɗakin injuna, kuma a watan Maris da ya biyo baya, da zafi ya tsananta iska ta bushe, ɗalibar nan da abokan ƙungiyarta suka zo ofishina suka karɓi makulli da ma'aunan zafi, suka ce za su maimaita gwajin su kwatanta da lambobin da suka rubuta a Agusta.